Daga Bindiga Zuwa Fartanya: Wa Zai Rubuta Tarihin Baba Soja?

Gabatarwa

Ranar 15 ga watan Janairun kowace shekara ita ce ranar tunawa da 'yan mazan jiya a Nijeriya. An zaɓi wannan rana ne domin a cikinta aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a shekarar 1970. A Abuja manyan ƙasa sukan taru su ajiye furanni a gaban mutum-mutumin sojan da ba a san sunansa ba, a busa begila, a harba bindigogi sama, a saki fararen tattabaru. Gwamnoni ma su yi irin haka a jihohinsu. Kafin azahar taro ya watse, sai kuma baɗi in Allah ya kai mu. Ni kuwa duk lokacin da na kalli wannan biki a talabijin sai in ce a raina, ai wannan sojan da ba a san sunansa ba ni na san shi. A gidanmu yake a unguwar Wulari ta birnin Maiduguri, kullum da yamma yana zaune kan tabarma a gindin dogon yaro, rediyo a gefensa, yana gyaran ƙotar fartanya. Shi ne kakana wanda ya haifi mahaifina, wanda duk unguwa ke kira Baba Soja. Allah ya yi masa rasuwa a watan Disambar 2023.

Ya ɗan'uwa mai karatu, ba ta'aziyya na zo karɓa a wannan shafi ba. Abin da nake so in faɗa shi ne, irin su kakana suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, tarihinsu kuwa a bakinsu kaɗai yake, kuma da Hausa suke ba da shi. Saboda haka a nawa ganin mu ɗaliban Hausa mu ne aka fi bi bashin tattara shi. Ni kam ban biya nawa bashin ba, kuma zan faɗi yadda aka yi, ko wani zai ɗauki darasi. Ai an ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wane ne Baba Soja?

An haifi kakana a wani ƙauye a ƙasar Biu. Mu Baburawa ne, Hausa kuwa koyonta muka yi, shi a bariki, ni a titunan Wulari da makaranta. Ba a rubuta ranar haihuwarsa ba, amma mahaifiyarsa ta gaya masa yana goye a bayanta lokacin da sojojin yaƙin Bama suka dawo gida, wato wajen 1946. Ina yaro na ɗauka a garin Bama na nan jihar Borno aka yi wannan yaƙi, har nakan yi mamakin yadda mutum zai shiga jirgin ruwa zuwa Bama alhali ga mota a tasha. Sai daga baya na gane ƙasar Burma ake nufi, wadda yanzu ake kira Myanmar, inda runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma suka yaƙi Japanawa a ƙarƙashin tutar Ingila a yaƙin duniya na biyu.

Yaƙin basasar Nijeriya ya ɓarke ranar 6 ga Yulin 1967. Kafin yaƙin sojan ƙasar nan bai fi dubu goma ba, amma kafin a gama ya kai wajen dubu 250. Daga ina aka samo wannan ɗimbin jama'a? Daga gona aka samo mafi yawansu. Samari ne 'yan ƙauye daga Biu da Zuru da Langtang da Numan da ƙasar Tibi da sauran wurare, waɗanda suka ajiye fartanya suka je aka aske musu kai. Kakana ba ya ƙarya game da dalilinsa na shiga. Yakan ce shi keke yake so ya saya, kuma yana neman kuɗin aure, gyaɗa kuwa ba ta yi kuɗi ba a shekarar. Maganar haɗin kan ƙasa a makarantar kuratan soja ta Zariya ya fara jin ta. Horo na 'yan makonni aka ba su, waɗansu daga cikin masu horar da su tsofaffin sojojin Bama ne da aka sake kira, sannan aka tura su Runduna ta Ɗaya, wadda Kanar Muhammadu Shuwa, ɗan ƙasar Borno, yake jagoranta. Wannan runduna ce ta kama Nsukka a watan Yuli da Inugu a watan Oktoba na 1967.

Shekara goma ya yi yana sanye da kaki, bai wuce muƙamin kofur ba. Bayan yaƙi gwamnati ta ga ba za ta iya riƙe wannan taron soja ba, aka shiga rage su, musamman zamanin da Janar T. Y. Danjuma yake babban hafsan sojan ƙasa daga 1975 zuwa 1979. A 1977 aka miƙa wa kakana takardar sallama. Bai koma ƙauye ba, sai ya sauka a Maiduguri, hedikwatar sabuwar jihar Borno da aka kafa a 1976. Ya kama ɗaki haya a Wulari, inda ya tarar da 'yan'uwa daga kudancin jihar, ya sami aikin gadi na dare, sannan ya je wajen wani bulama a yankin Molai da ke kan hanyar Damboa ya nemi gona.

Rabin tarihin da ba a faɗa

In an tashi yabon tsohon soja, bindigar ake ambata. Amma kakana shekara goma ya riƙe bindiga, fartanya kuwa shekara talatin da shida, ban da noman da ya yi yana yaro. Duk wanda ya ba da labarinsa ya tsallake gona, bai ba da ko da rabinsa ba.

Noma a kewayen Maiduguri ba wasa ba ne. Damina gajeriya ce, ruwa ba ya zama sosai sai cikin Yuli, kafin ƙarshen Satumba kuma ya ɗauke. Gonar kakana jigawa ce, ba irin baƙar ƙasar firgi ta wajen Dikwa da Marte ba, inda ake dasa dawar masakwa bayan ruwa ya janye. Don haka gero da wake da gyaɗa yake shukawa, sai riɗi da yakuwa a bakin iyaka. Da bazara zai yi sassabe ya ƙone, ya kai takin awaki da tokar murhu a buhu a bayan keke. Wata shekara yakan yi binne, wato ya shuka gero cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. In ruwan farko ya yi ƙarfi ya riga kowa, in kuwa yayyafi ne kawai iri ya ruɓe, sai ya sake. Daga nan noman fari, sai maimai, sai yaƙi da wuta-wuta mai shanye gero tun daga saiwa, sai koran tsuntsayen jan-baki in zangarniya ta fara ido. Zai tashi daga wurin gadi da asuba, ya yi salla, ya sha kunu, ya hau keke. Barcinsa na awa biyu ne a gindin aduwa in rana ta take.

Akwai abubuwan da bariki ya koya masa da ya kai gona. Kunyoyinsa a miƙe suke kamar sahun fareti, har maƙwabta na zuwa kallo. Ba ya kwana bai wanke fartanya ya rataye ta ba, yadda aka koya masa goge bindiga. Amfanin gona kuwa kashi uku yake raba shi tun a masussuka: na ci, na sayarwa, da na iri. Na irin nan a cikin tulu yake zuba shi da toka ya liƙe baki da laka, kuma ko yunwa za ta kashe mutum ba ya yarda a taɓa. A farin 1984, da gero ya bushe a tsaye, keken ya sayar ya sayi hatsi, ya riƙa zuwa Molai da ƙafa, amma tulun bai buɗe ba sai da damina ta kewayo.

Da wake da gyaɗar nan ya biya wa 'ya'ya bakwai kuɗin makaranta. Fansho kuwa, yana zuwa yana ɗaukewa kamar ruwan farkon damina, ga tafiye-tafiyen tantancewa da sukan cinye kusan abin da za a karɓo. Wannan ba matsalarsa shi kaɗai ba ce, domin ko a 2022 da 2025 an ga tsofaffin sojoji suna zaman dirshan a Abuja a kan haƙƙoƙinsu. Shi dai bai taɓa zuwa zanga-zanga ba, yakan ce gona ce ofishin da ba ya ce masa ya dawo gobe. Yakan kuma yi dariya ya ce shi da Janar Obasanjo sana'arsu ɗaya, tunda shi ma bayan ya ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, ya miƙa mulki a 1979, gona ya koma a Ota. Bambancin dai shi ne kowa ya san gonar Janar, ta kofur kuwa sai iyalinsa.

Abin da ya raba shi da gonar ba tsufa ba ne. Rikicin Boko Haram ne, wanda ya fara a wannan birni a 2009. A ranar 2 ga Nuwambar 2012 'yan bindiga suka kashe tsohon kwamandansa, Manjo Janar Muhammadu Shuwa, a gidansa da ke Gwange. Ina ƙarami a lokacin, amma na tuna kakana bai ci tuwon dare ba. Daminar 2013 ita ce ta ƙarshe da ya noma Molai. Bayan nan hanyar Damboa ta zama sai mai ƙarar kwana, aka haƙa rami aka kewaye birni, a wurare da dama kuma aka hana shuka dogayen amfanin gona don kada mahara su ɓuya a ciki. Mutumin da ya ciyar da gida shekara da shekaru ya koma shuka kuɓewa a tsofaffin bokitai a bayan ɗaki. Ranar 28 ga Nuwambar 2020 aka yi wa manoman shinkafa na Zabarmari yankan rago a gonakin Koshebe, washegari aka yi jana'izar mutum 43. Da ya ji a rediyo sai ya kashe ta, ya yi shiru, can ya ce: "Mu da muka je yaƙi an ba mu bindiga. Su waɗannan lauje ne a hannunsu."

Hausar bariki da ƙaramin sanina

To, ina ruwan ɗalibin Hausa da wannan labari? Ruwansa shi ne, tun asali Hausa ce harshen soja a ƙasar nan. Sojan Nijeriya yana danganta asalinsa ga 'yar rundunar da Laftana Glover ya kafa a Legas a 1863, wadda ake kira Hausawan Glover. Da Lugga ya kafa rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma a 1897, Hausa ta ci gaba da zama harshen hulɗa a bariki, har Turawan hafsoshi sukan koye ta su yi jarrabawa. Amma da yawa daga cikin sojojin ba Hausawa ba ne. Daga cuɗanyarsu aka sami nau'in Hausar da masana walwalar harshe ke kira Barikanci, ta nan kuma kalmomin aro da dama suka shigo: soja, bariki, fareti, kurtu, kofur, saje, samanja, hafsa, bataliya, fansho. Wanda ya taɓa kallon wasan Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, wanda shi ma tsohon soja ne da ya rasu a Nuwambar 2023, ya ji ɗanɗanon irin wannan magana.

Irin Hausar kakana ke nan. Ba ta san jinsi ba, mace "ya zo", namiji "ya zo". Ba ta damu da ɗ da ƙ ba. Tana cike da guntayen Turanci da suka tauye a bakin sajan fareti. Ni kuwa da na shiga jami'a na fara sanin Daidaitacciyar Hausa, sai kaina ya kumbura. Dama a aji 'yan'uwana Kanawa da Katsinawa sun sha yi mini dariya in na ɓata jinsi, sai na kwaso haushin na kawo gida. Wata rana ya ce, "Matana ya tafi kasuwa." Na ce, "Kaka, ba haka ake faɗa ba, matata ta tafi kasuwa ake cewa." Ya dube ni ya ce, "To Malam, ya tafi ko ta tafi, ya dawo da gishirin?" Tun daga ranar ya laƙa mini Malam. Wani lokaci kuma ya ce mini: "Da wannan Hausa na yi magana da Tibi da Angas da Bachama a cikin rami ɗaya, harsashi yana wucewa a kanmu, ba wanda ya ce bai gane ba." Hausawa sun yi gaskiya da suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

A darasin adabin baka an ba mu aikin mu je mu yi hira da wani dattijo mu naɗo muryarsa. Na tsallake kakana a ƙofar gida, na hau Keke Napep zuwa unguwar Hausari neman "Bahaushen asali", na dawo da tatsuniyoyi biyu na Gizo da Ƙoƙi waɗanda suke cikin littattafai tun kafin a haife ni. Da ya ji, sai ya ce, "Malam, ni ba dattijo ba ne?" Na ce masa sai an yi hutu zan zauna da shi. Hutun kuwa ya zo fiye da yadda na roƙa, domin a 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wata takwas ina gida, waya mai naɗar murya a aljihuna, tsoho yana zaune taku goma daga ɗakina. Ban yi ba. Kullum sai in ce gobe.

Bayan rasuwarsa aka ba gwaggona, babbar 'yarsa, akwatin ƙarfen da yake ajiye takardar sallamarsa da hotunansa da wasiƙun abokansa, ta tafi da shi gidanta a Gwange. A ranar 10 ga Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ambaliya ta mamaye babban ɓangare na Maiduguri, Gwange na cikin unguwannin da abin ya fi shafa. Gwaggo ta tsira da ranta da 'ya'yanta, mun gode Allah. Da ruwa ya janye aka buɗe akwatin, takardun sun zama kunu. Abin da ya rage mana yau shi ne lambar yaƙi guda ɗaya, da fartanyarsa, da wani saƙon murya na daƙiƙa arba'in a WhatsApp inda yake cewa in sayo masa irin kuɓewa a Kasuwar Monday. Da na sani ƙeya ce, a baya take.

Waɗanda aka rubuta nasu

Kada wani ya ce labarin talaka ba abin rubutawa ba ne. Tarihin rubutun Hausa da kansa ya ƙaryata haka. Dorugu yaro ne Bahaushe daga yankin Damagaram da aka kama bawa, aka 'yanta shi a Kukawa ta nan ƙasar Borno, ya bi Heinrich Barth har Ingila a 1855. A can ya ba J. F. Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885, kuma har yau muna karanta shi a darasin tarihin rubutaccen zube. Haka nan Baba ta Karo tsohuwa ce da ba ta yi boko ba. Mary Smith ta zauna da ita a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 tana rubuta abin da take faɗa, littafin ya fito a 1954, ya zama madogara ga duk mai nazarin rayuwar matan Hausawa. Ba sarki a cikinsu, ba malami. Abin da ya raba su da miliyoyin tsararrakinsu shi ne wani ya zauna ya saurare su da alƙalami a hannu.

A ɓangaren soja ma haka abin yake. Isaac Fadoyebo, Bayarabe daga yankin Owo, an harbe shi a Burma a 1944, wani manomi ɗan ƙasar ya ɓoye shi wata da watanni. Ya rubuta labarinsa da kansa, daga baya ɗan jarida Barnaby Phillips ya gano rubutun, ya yi fim a kansa a 2011 da littafi a 2014. Marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya gina littafinsa Burma Boy na 2007 a kan labaran mahaifinsa. Amma ina na dubban 'yan Arewa da suka je can, waɗanda da Hausa suka yi yaƙin? Sunayen wuraren da suka zubar da jini suna nan a kan barikoki, Arakan da Dodan da Myohaung a Legas, Dalet a Kaduna. Manyan hafsoshi ma ba a manta da su ba, ga barikin Maimalari a nan Maiduguri da sunan Birgediya Zakariya Maimalari da aka kashe a juyin mulkin 15 ga Janairun 1966. Su kuwa kofur-kofur da suka koma gona, 'yan Bama sun riga sun tafi da nasu labarin. Saura 'yan yaƙin basasa, kuma wanda yake da shekara ashirin a 1967 yau yana bakin tamanin.

Masu ja da wannan ra'ayi

Na tattauna wannan batu da abokai a ɗakin kwana, kuma na ji suka iri uku. Na farko suka ce wannan aikin 'yan sashen Tarihi ne. Amsata ita ce, ba wanda ya hana su, sai dai ɗan Tarihi abin da ya faru yake nema, in ya samu sai ya fassara shi zuwa Turanci ya yar da ɓawon. Mu kuwa ɓawon ma abinci ne a wurinmu: yadda tsohon ya gina jimla, kalmomin da ya aro, kirarin da suke yi wa igwa, sunayen da suka laƙa wa garuruwan da ba su iya faɗa ba, kalmomin noma na Babur ko Kanuri da ya cusa cikin Hausarsa. Wa aka koya wa juya magana zuwa rubutu bisa ƙa'ida in ba mu ba?

Na biyu suka ce Hausar irin waɗannan mutane gurɓatacciya ce, ba ta cancanci kundin digiri ba. Wannan shi ne kuskuren da na yi, kuma na faɗi abin da ya jawo mini. Miliyoyin masu magana da Hausa a yau ba a nono suka sha ta ba, ni ma ina cikinsu, haka da yawa daga masu karanta wannan mujalla. Bariki na cikin manyan hanyoyin da suka kai Hausa Jos da Makurɗi da Legas, har da Kumasi da Ankara a ƙasar Gana. Masanin harshe ba alƙali ba ne da zai ɗaure wata Hausa ya saki wata. Daidaitacciyar Hausa tana da gurbinta a rubutu da koyarwa, amma nazari ya shafi duk abin da bakin mutane ke furtawa.

Suka ta uku ita ce mai nauyi. Wani abokina ya ce, yaƙin basasa ba abin alfahari ba ne. An kashe fararen hula a Asaba a Oktoban 1967, yunwa ta hallaka mutane fiye da miliyan ɗaya a yankin Biyafara, yawancinsu yara, to don me za mu yi ta kambama waɗanda suka riƙe bindigar? Na yarda da shi cewa ba abin alfahari ba ne. Amma rubuta tarihin mutum daban, yi masa kirari daban. Sau ɗaya tak kakana ya taɓa ba ni labarin fagen daga ba da wasa ba, wata rana da dare an ɗauke wuta. Ya ce sun shiga wani ƙauye da yunwa, mutane sun gudu, sai wata tsohuwa. Suka sami doya ɗaure a rumbunta, suka kwashe suka gasa. Tsohuwar tana ta magana da harshen da ba ya ji, tana nuna doyar tana nuna ƙasa. Ya ce sauran ba su kula ba, amma shi manomi ne, ya gane abin da take faɗa: iri ne, na shukar baɗi. Ya gane, kuma ya ci. Ya ce harbin da ya yi bai san wanda ya samu ba, amma wannan doyar ya san mai ita. A daren na fahimci dalilin tulun da ba a taɓawa, da kuma dalilin da ya sa duk wanda ya zo neman iri a gidanmu ba ya komawa hannu wofi, ko da bai biya na bara ba.

Irin wannan magana ba ta cikin jawabin ranar 15 ga Janairu, ba ta cikin littattafan da janar-janar suka rubuta. Tana bakin tsofaffi ne kawai, kuma ba sa faɗa sai ga wanda ya zauna ya yi haƙuri. Ƙasar da ta yi shekaru ba a koyar da darasin tarihi a ƙananan makarantunta, wadda samarinta ke kiran a raba ƙasa a dandalin sada zumunta kamar wasan ƙwallo, tana bukatar ta ji daga bakin wanda ya ga yadda abin yake.

Abin yi

Shawarata ta farko ga 'yan'uwana ɗalibai ce. Kowace shekara muna rubuta kundaye a kan jigo da salo a littattafan da an riga an tatse su. Me zai hana wasunmu su ɗauki rayuwar tsohon soja guda ɗaya, ko kalmomin bariki, ko kalmomin noman gero da na masakwa? Kayan aikin waya ce da littafin rubutu da goro. A nemi izinin dattijon, a bar shi ya yi magana da irin Hausarsa ba tare da gyara ba, a rubuta ta yadda ya faɗe ta. A tambaye shi yaƙi, a kuma tambaye shi gona da aure da shekarun fari. A tambayi matarsa ma, domin ita ta riƙe gida yana daji. A ɗauki hoton takardunsa a ajiye a wuri fiye da ɗaya, ruwan Alau ya koya mana wannan.

Ta biyu ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa da malamanmu. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nijeriya, wadda aka kafa da doka a 1964, tana da rassa a jihohi, ta nan za a sami masu labari cikin sauƙi. Bayan 'yan basasa ga waɗanda suka je Laberiya daga 1990 da Saliyo bayanta, ga kuma na wannan yaƙi da aka yi a ƙofar gidanmu, da manoman da ya raba da gonakinsu. A ware kusurwa a ɗakin karatu na sashe don ajiye muryoyin, wannan mujalla kuma ta ba da shafi ɗaya a kowace fitowa.

Kammalawa

Waiwaye adon tafiya ne, in ji masu iya magana. Ba na cewa a daina ajiye furanni, kuma ba na cewa rubutu zai maye gurbin fanshon da ya kamata a biya tsofaffin nan a kan kari. Ina cewa ne akwai wani haƙƙi nasu da ba ya jiran kasafin kuɗi, wanda ni da kai za mu iya saukewa a hutun nan mai zuwa. A kusan kowace unguwa akwai Baba Soja, a Wulari ko Bulumkutu ko Gwange, a Sabon Garin Zariya ko Tudun Wadar Kaduna. Wataƙila shi ne mai gadin da kake wucewa ba gaisuwa. Ka je ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Baba, na zo jin labari." Ni da na ce gobe, saƙon daƙiƙa arba'in na tsira da shi, shi nake kunnawa in kewa ta dame ni. Irin kuɓewar dai na sayo, kuma bana ma na shuka a bokitansa.

Allah ya jiƙan mazan jiya, ya gafarta musu kurakuransu, ya mayar da manomanmu gonakinsu lafiya, ya ba ƙasarmu dawwamammen zaman lafiya, amin.